Yadda Ake Tantance Tsofaffin Ƙasidun Gyaran Al'umma na Amurka, da Sayensu da Adana Su

A shekarar 1700 wani alƙali a Boston mai suna Samuel Sewall ya buga wata 'yar takarda mai shafi uku kacal yana sukar cinikin bayi, ya kafa hujja da labarin yadda 'yan'uwan Annabi Yusuf suka sayar da shi. Sunanta The Selling of Joseph. Yau kwafi ɗaya tak aka san ya rage, yana hannun ƙungiyar tarihi ta jihar Massachusetts. Bayan shekara 125 aka kafa ƙungiyar American Tract Society a New York, wadda ta riƙa buga ƙasidun wa'azi miliyan bisa miliyan tana rabawa gida-gida. Ka ɗora takardar Sewall kusa da ɗaya daga cikin waɗannan, duk sun yi ja, duk suna ƙanshin tsufa. Amma ta farko babu kuɗin da zai saye ta, ta biyu kuwa sau da yawa kuɗin aiko maka da ita ya fi kuɗinta.

Wanda zai shiga wannan harka, nan ya kamata ya fara tsayawa. Tsufa daban, ƙaranci daban, muhimmanci kuma daban, kuma takardar da ke hannunka ita ce za ta faɗa maka wanne take da shi, in ka iya yi mata tambaya. Abin da nake nufi da ƙasida a nan shi ne ɗan littafi marar kauri, daga shafi 4 zuwa kamar 90, wanda aka ɗinke da zare, ko da bangon takarda ko babu bango sam. An yi su ne da araha don a karanta a miƙa wa na gaba, ba don ajiya ba, shi ya sa wasu suka ɓace ƙurmus.

Mataki na farko: zaɓi fage ɗaya ka san mutanensa

Kada ka ce za ka tara komai. Daga wajen 1750 zuwa 1860 Amurkawa sun yi gardama a takarda kan bauta, da shan barasa, da halin da fursunoni ke ciki, da karuwanci, da yaƙi, da 'yancin mata, da kula da masu taɓin hankali. Kowane fage kogi ne.

In yaƙi da barasa ka zaɓa, tushensa ƙasidar likita Benjamin Rush ce ta 1784 a Filadelfiya, sai wa'azozi shida na Lyman Beecher da aka buga a 1827, shekara guda bayan kafa ƙungiyar American Temperance Society a Boston. In gyaran kurkuku ne, akwai ƙungiyar Filadelfiya ta rage wa fursunoni wahala da aka kafa a 1787, da ta Boston ta 1825, kuma rahotanninsu na shekara-shekara suna nan da dama, ba su da tsada sosai. Dorothea Dix ta zagaya kurkuku da gidajen gajiyayyu na Massachusetts, ta ga yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ɗakuna marasa ɗumi, ta rubuta wa majalisar jihar koke wanda aka buga a 1843. A New York kuma mata sun kafa ƙungiyar gyaran tarbiyya a 1834 suna yaƙi da karuwanci, har suna barazanar buga sunayen mazan da ke zuwa gidajen.

Fagen da ya fi kowane jan masu saye shi ne na yaƙi da bauta, kuma nan farashi ya fi zafi. 'Yan ɗariƙar Kwaka, wata ɗariƙar Kirista, su ne suka share hanya: John Woolman da ƙasidarsa ta 1754, da Anthony Benezet, malamin makaranta a Filadelfiya da ya yi ta bugawa yana rabawa kyauta. Sai baƙar fata da kansu. A 1794 Absalom Jones da Richard Allen suka buga amsa ga zargin da aka yi wa baƙaƙen Filadelfiya cewa sun ci gumin marasa lafiya lokacin annobar shawara ta 1793, alhali su ne suka tsaya jinya da binne gawa lokacin da masu hali suka gudu daga garin. A watan Satumba na 1829 David Walker, mai sayar da tsofaffin tufafi a Boston, ya fitar da kiransa ga baƙar fata na duniya, wanda matuƙan jiragen ruwa suka riƙa shigarwa kudancin ƙasar a ɓoye, har jihar Jojiya ta yi sabuwar doka saboda shi. A ƙarshen watan Yuli na 1835 wasu mutane suka fasa gidan waya na birnin Charleston da ke kudancin ƙasar, suka kwashe buhunan ƙasidun da ƙungiyar American Anti-Slavery Society ta aiko, suka ƙone su a bainar jama'a. Ka ga dalilin da ya sa wasu suka yi ƙaranci: wuta ta ci, ko kuwa mai riƙe da ita ya yar don tsoron ransa.

Akwai ɗaya da ta shafe mu kai tsaye. A 1854 aka buga a Detroit tarihin Mahommah Gardo Baquaqua, ɗan garin Jugu da ke arewacin ƙasar Benin ta yau, a kan tsohuwar hanyar fataken goro zuwa Gwanja. A ciki an faɗa cewa mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. An bautar da shi a Birazil, ya tsere daga jirgin ruwa a New York a 1847. Ƙasidar ba ta kai shafi 70 ba. Duk Bahaushen da ke sha'awar wannan fage ya kamata ya karanta ta, ko da hotonta ne a intanet.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ba karatu wata biyu ko uku. Jami'ar Cornell tana da tarin Samuel J. May mai ƙasidun yaƙi da bauta sama da 10,000, kuma an ɗora hotunansu a intanet kyauta. Ka riƙa buɗewa kana kallon shafin farko, da yanayin haruffa, da yadda ake rubuta sunan maɗaba'a a ƙasa. Ido yana sabawa kamar yadda idon mai sayen shadda ke sabawa.

Mataki na biyu: tambayi takardar kanta

Wanke hannu ka shanya shi sarai. Safar hannu ba ta da amfani a nan, tana kashe jin yatsa har ka yaga gefen shafi ba ka sani ba. Kana buƙatar fitila mai haske, da gilashin ƙara girman rubutu, da ruler, da fensir. Biro kada ya kusanci teburin.

Ɗaga shafi ɗaya ka sa haske a bayansa. Kafin wajen 1800 kusan duk takardar Amurka da hannu ake yin ta, daga tsummokaran auduga da lilin da aka daka suka zama kamar kunu, a ɗebo da wani faifai na waya. Wayoyin suna barin sawu: layuka sirara a matse da juna, da wasu masu kauri da ke ratsa su, tsakaninsu kamar inci guda. Wani lokaci za ka ga tambarin mai takardar a ciki, haruffan sunansa ko wata sura. Wanda ya taɓa duba tsofaffin littattafan malamanmu na rubutun hannu ya ga tambarin jinjirin wata uku a cikin takarda ya riga ya san wannan aiki, dabara ɗaya ce.

Daga shekarun 1790 aka fara samun takarda mai santsi wadda ba ta nuna layuka, kuma a 1817 Thomas Gilpin ya kafa injin yin takarda na farko a Amurka, a jihar Delaware. To, ƙasidar 1830 da ba ta da layuka ba abin damuwa ba ne, haka ya kamata. Amma wadda ta ce 1760 ce kuma takardarta sumul, sai ka ja baya. Takardar da aka yi da garin itace ba ta yaɗu ba sai wajen 1870. Ita ce ke yin ruwan ƙasa gaba ɗaya, tana karyewa kamar busasshen ganye in ka lanƙwasa gefenta. Ta tsumma kuwa ko bayan shekara 200 tana da laushi da ƙarfi. Abin zai ba ka mamaki da farko: wadda ta fi tsufa ita ce ta fi lafiya.

Sai ka kwantar da fitilar a gefe, haskenta ya shafi fuskar shafin a karkace. A wancan zamani haruffan dalma ake jerawa ɗaya-ɗaya, a shafa tawada, a danna kan takarda mai ɗan danshi. Dannawar tana barin gurbi, kana iya ganinsa, wani lokaci ma ka ji shi da yatsa ta bayan shafin. A ƙasidun ƙarni na 18 gurbin yana da zurfi, a na shekarun 1840 ya ragu amma yana nan. Kwafin zamani da aka ɗauka a hoto aka sake bugawa shimfiɗe yake, babu gurbi ko kaɗan. Da gilashin kuma, in ka ga zane ko harafi ya rarrabu zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, aikin injin zamani ne. Idan kana da 'yar tocila mai hasken shuɗi irin ta duba jabun kuɗi, haska a cikin duhu. Takardar da aka yi bayan 1950 takan yi ƙyalli fari-shuɗi saboda sinadarin ƙara haske da ake zuba mata, tsohuwa ba ta yi.

Akwai wata alama a cikin rubutun. Turancin ƙarni na 18 yana da doguwar "s" mai kama da "f" a farko ko tsakiyar kalma. Maɗaba'un Amurka sun bar ta a shekarun farko bayan 1800. Ganinta ba ya tabbatar da komai, don mai kwaikwayo zai iya kwafe ta, amma rashinta a ƙasidar da aka ce ta 1775 ce babbar tuhuma ce.

Daga ƙarshe duba ƙashin baya. Yawancin ƙasidu huda su ake yi ta gefe a wuri biyu ko uku a zura zare a ƙulla. Idan ka ga ƙusar waya irin ta ofis, to ko dai bugun bayan 1870 ne, ko wani ya sa mata daga baya, kuma tsatsarta tana cin takarda.

Mataki na uku: kada ka yarda da shekarar da ke shafin farko ita kaɗai

Nan ne sababbin masu saye suka fi faɗawa rami, kuma sau da yawa ba wanda ya yaudare su, rashin sani ne.

Tun shekarun 1810 maɗaba'un Amurka suka fara wata dabara: bayan an jera haruffa, sai a ɗauki surar shafin gaba ɗaya a zuba dalma, ya zama faranti guda. A ajiye farantan, duk lokacin da ake buƙata a ciro a buga wasu dubbai. Ƙungiyoyin wa'azi su ne suka fi kowa rungumar wannan, domin burinsu yawa da araha. Ma'anarsa ita ce ƙasida ɗaya tana iya fitowa daga faranti ɗaya shekara ashirin ko talatin a jere, ba a canza ko waƙafi ba. Da gilashinka ka duba haruffan gefe da lambobin shafi. Faranti in ya tsufa gefunansa suna cinyewa, haruffa su kakkarye. Bugun farko tsaf yake.

Ƙasidun American Tract Society yawanci ba su da shekara sam. Ana gane zamaninsu da adireshin da ke jikin bango. Ƙungiyar ta zauna a titin Nassau a New York: in ka ga lamba 144, daga ƙarshen shekarun 1820 zuwa farkon 1830 ne, in ka ga 150 to bayan haka ne, kuma wannan lambar ta daɗe shekaru masu yawa. Sunan Daniel Fanshaw a matsayin mai ɗab'i yana nuna kafin 1846, shekarar da suka rabu. Irin wannan bin sawu shi ne daɗin harkar, a wurina.

Juya shafin farko ka duba bayansa, inda ake rubuta rajistar haƙƙin mallaka. Amurka ta yi dokar farko a 1790, kuma har 1870 a ofishin magatakardan kotun gunduma ake yin rajista, don haka za ka ga sunan gunduma, misali ta Massachusetts ko ta kudancin New York. Daga 1870 aka mayar da aikin ɗakin karatu na Majalisar Dokoki a Washington. In rubutun ya ambaci wannan ɗakin karatu, bugun bai riga 1870 ba, ko me aka rubuta a gaba. Ka kuma tuna shekarar rajista tana faɗin lokacin da aka yi rajistar rubutun ne kawai, ba ranar da aka buga kwafin da ke hannunka ba.

Misali biyu za su nuna maka yadda bugu ke bambanta. Ƙasidar Rush ta barasa a bugun 1784 da na 1790 tana ɗauke da kalmomin Spirituous Liquors a takenta. Daga baya ya faɗaɗa ta, taken ya koma Ardent Spirits, kuma an ci gaba da buga ta shekaru bayan rasuwarsa a 1813. Mai sayarwa zai iya cewa "ƙasidar Rush ta 1784" bai yi ƙarya ba, alhali abin da ke hannunsa bugun shekarun 1820 ne. Ta David Walker kuwa ta fita sau uku tsakanin 1829 da 1830, yana ƙara magana a kowane bugu, sannan Henry Highland Garnet ya sake fitar da ita a 1848 haɗe da nasa jawabin. Duk huɗun suna da daraja, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma dole takardar ciniki ta faɗi wanne ne.

Har shekarar da aka buga a jikin shafin farko tana iya kaucewa. Littafin Benjamin Lay na la'antar masu riƙe bayi yana ɗauke da 1737, amma sai 1738 ya fito, kuma Benjamin Franklin da ya buga shi bai sa sunansa ba.

Mataki na huɗu: ƙirga shafi

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma kada ka tsallake. Babbar takarda ɗaya ake bugawa a ninke. In an ninke ta ta ba da ganye 8, wato shafi 16, dillalai suna rubuta 8vo. In ganye 12 ne, shafi 24, suna rubuta 12mo. A ƙasan shafin farko na kowane ninki akwai harafi ko lamba da ke nuna wa mai ɗinki jeri: A, B, C, ko 1, 2, 3. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka firgita in ba ka ga J ko W ba, tsofaffin masu ɗab'i ba sa amfani da su a wannan jeri, kuma tsakanin U da V ɗaya kawai suke ɗauka.

Abin da ya fi ɓacewa shi ne ganyen farko mai gajeren take, da ganyen ƙarshe na tallar wasu littattafai, da zane ko taswira mai ninki. Karanta kalmar ƙarshe ta kowane shafi ka ga ta haɗu da ta farkon na gaba.

Mataki na biyar: nemo ta a kundayen masana

An yi wa bugun Amurka rajista fiye da yadda za ka zata. Charles Evans ya jera abin da aka buga daga 1639, aka kammala aikin har 1800 bayan rasuwarsa, da lambobi sama da 39,000. Shaw da Shoemaker suka ɗora daga 1801 zuwa 1819, wasu suka ci gaba daga 1820. Kundin Joseph Sabin mujalladi 29 ne, an fara a 1868 aka gama a 1936. Don yaƙi da bauta akwai jerin Dwight Dumond na 1961. Shi ya sa za ka ga dillali ya rubuta Evans ko Sabin da wata lamba a ƙarshen bayaninsa. Ɗauki lambar ka bincika da kanka, ka gwada yawan shafi da sunan maɗaba'a da abin da ake tallata maka.

Ɗakunan karatu biyu ne suka fi amfani a nan, kuma kundayensu a buɗe suke a intanet: American Antiquarian Society da ke Worcester, wadda mai ɗab'i Isaiah Thomas ya kafa a 1812, da Library Company ta Filadelfiya da Franklin ya kafa a 1731. Bayanansu suna faɗin yawan shafi, da girma, da bambancin bugu. Sai WorldCat, wani kundi na intanet wanda ke nuna ɗakunan karatu nawa ke da kwafi. In ka ga wurare 80, ba ta da ƙaranci komai tsufanta. In ka ga uku ko huɗu, sai ka gyara zama. Amma ka lura, sau da yawa ana cakuɗa kwafin asali da hoton maikurofim, wato hoton shafukan da aka ɗauka a ƙaramin fim, a ƙirga ɗaya, don haka buɗe bayanin ka karanta.

Dillalai suna son rubuta cewa abu "ba ya cikin Sabin". Wani lokaci wannan na nufin ƙaranci na gaske. Wani lokaci kuma Sabin ya gan shi bai ga dalilin sa shi ba. In kuma ka ga shekara a cikin baka mai kusurwa, wato [ ], ma'anarta ba a buga shekarar a jikin ƙasidar ba, ƙiyasin mai bayanin ne, kuma kana da damar tambayarsa daga ina ya samo.

Mataki na shida: ciniki

Ka fara da dillalan da ke cikin ƙungiyoyin masu sayar da tsofaffin littattafai, wato ABAA ta Amurka ko ILAB ta duniya, domin ƙa'idarsu ta wajabta faɗin aibin kaya da karɓarsa in bayanin bai yi daidai ba. Shafin viaLibri yana tattaro tallan dillalai da yawa wuri guda. Farashin da ake nema ba shi ne farashin da ake saye ba, don haka nemi sakamakon gwanjon baya, a shafin intanet na Rare Book Hub ko a shafukan gidajen gwanjo irin su Swann na New York, wanda ya daɗe yana gwanjon takardun tarihin baƙar fatar Amurka. A gwanjo akwai la'adar da ake ɗora wa mai saye, takan kai kashi 25 cikin 100 ko ta wuce, ban da kuɗin aikowa da inshora. Yi lissafinka duka kafin ka ɗaga hannu, ka sa wa kanka iyaka.

Tun da ba za ka taɓa kayan ba kafin ka biya, nemi hotuna biyar: shafin farko, bayansa, shafin ƙarshe, ƙashin baya, da shafi ɗaya da haske a bayansa. Dillalin kirki ba ya ƙin wannan.

Kalma ɗaya za ka riƙa gani a bayanai, wato disbound. A ƙarni na 19 masu tarawa sukan haɗa ƙasidu goma ko ashirin su ɗinke a bango ɗaya, daga baya 'yan kasuwa suka farke suka sayar ɗaya-ɗaya. Irin wannan takan rasa bangonta na asali, an datse gefunanta, ƙashin baya na ɗauke da ragowar gam. Ba aibi ba ne a saya, mafi yawan abin da ke kasuwa haka yake, amma wadda ke da bangonta na asali da zarenta na farko ta fi ta nesa ba kusa ba. Ɗigo-ɗigon ja da ke fitowa a tsohuwar takarda abu ne da aka saba, ba ya rage daraja sosai in bai rufe rubutu ba. Sa hannun wanda ya mallake ta a wancan zamani, ko rubutun da ya yi a gefe, ni ƙari nake ɗaukarsa, domin shaida ce cewa wani ya karanta ya ji abin a ransa.

Hatimin ɗakin karatu kuwa a kula da shi. In akwai shi, dole a ga wani hatimin da ke nuna an fitar da ita bisa ƙa'ida, ko dillali ya kawo takardar shaida. Satar ɗakunan karatu gaskiya ce: a 2017 aka gano an kwashe kayan miliyoyin daloli daga ɗakin karatu na Carnegie da ke Pittsburgh cikin shekaru masu yawa. In ka ga wurin da aka kankare ko aka goge a shafin farko, bar ta.

Mataki na bakwai: adanawa

Abubuwa uku kada ka yi, ko wa ya ba ka shawara. Kada ka manna salatef a inda ya yage, gam ɗinsa yana shiga takarda ya bar tabo har abada. Kada ka kai ta a yi mata laminatin, wannan kisa ne, ba a dawowa daga gare shi. Kada ka kai wa mai ɗinkin littafi ya datse gefe ya sa mata sabon bango. Masu gyaran takarda na gaske suna amfani da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, domin ana iya cire su da ɗan danshi. In ba ka da mai wannan sana'a kusa, bar yagewar yadda take.

Kowace ƙasida ta samu fayil nata na takarda marar asid, sannan a jera su a kwali marar asid, a kwance in suna da rauni. Kada ka tura ta kai tsaye cikin ambulan, gefuna suna kamawa, sa ta a ninkakkiyar takarda tukuna. Roba da kilif na ƙarfe a cire su nan take. Masu adana takardu suna son sanyi kamar digiri 18 zuwa 21 da danshin iska kashi 30 zuwa 50 cikin 100, kuma abin da ya fi cutarwa shi ne hawa da sauka kullum.

In a ƙasarmu za ka ajiye, ka san abokan gabarka. Damina tana kawo funfuna, hunturu yana busar da takarda ya cika ta da ƙura, gara kuwa ba ta jiran kowa. Zaɓi ɗakin tsakiyar gida da rana ba ta dukan bangonsa, ka ɗora akwatin a kan kanta ta ƙarfe, nesa da ƙasa, kada ya jingina da bango. Jakar leda a rufe ruf tana tara gumi, ka guje ta. 'Yan ƙunshin sinadarin tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani suna taimakawa da damina, in dai ba su taɓa takardar ba kuma kana canza su. Kada ka fesa maganin ƙwari a kan takarda. Buɗe akwatin sau ɗaya a wata ka duba kashin kyankyaso da sawun asu. In kana son rataye wani abu a bango, ɗauki hoto ka rataye hoton, domin haske yana cin takarda da tawada a hankali.

Ka yi wa kowace kati ko layi a kwamfuta: take, marubuci, gari, maɗaba'a, shekara da yadda ka tabbatar da ita, yawan shafi, tsawo a santimita, lambar Evans ko Sabin, aibin da ke jiki, wanda ka saya a wurinsa, rana da farashi. Ajiye rasit da bayanin dillali tare da katin, ba cikin ƙasidar ba.

Wata rana za ka ci karo da ƙasidar da saman shafukanta ke haɗe, ba a taɓa tsaga ninkin ba tun daga maɗaba'a. Hannunka zai yi ƙaiƙayin ɗauko wuƙa. Kada ka tsaga. Nemi hotonta a Cornell ko wani ɗakin karatu ka karanta a can, ka rubuta a katinta cewa shafukan a haɗe suke, ka mayar da ita fayil.